Annabi Isa da Yesu Almasihu: a ina hanyarmu da ta dangin mahaifiyata ta rabu?

Maman Maryam ta rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa, Musulmi ne ko Kirista, ya amsa da ilimi ban da zagi, domin mutanen da maganar ta shafa jinina ne.

Ni Musulma ce, ina aure a Funtuwa, ina koyarwa a makarantar firamare. Mahaifiyata 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Kafur. Ta musulunta tun kafin ta auri babanmu, amma danginta har gobe Kiristoci ne, 'yan ECWA, kuma Hausawa ne gaba da baya, ba su da wani yare sai Hausa. Yayanta, wanda muke kira Kawu, dattijon ikilisiya ne. Da babanmu ya rasu shi ya ɗauki nauyin karatuna, kuma har yau in kaka ta yi sai buhun masararsa ya iso gidana. Suna zuwa mana barka da Sallah, muna zuwa musu Kirsimeti, in kuwa za a yanka akuya saboda mu, Kawu da kansa yake aikawa a kira Musulmi ya yanka.

Da bikin Ista na bana na je duba shi saboda ciwon ƙafa, na tafi da 'yata Maryam mai shekara tara. Ranar Juma'ar sai matan zumunta suka zo gidan da tulunsu suna yi masa waƙoƙin mutuwar Yesu a kan gicciye, har na ga wata tsohuwa tana share hawaye da bakin zaninta. Da suka tafi sai Maryam ta ce, a gaban kowa, "Mama, wanda suke cewa an kashe ɗin nan ba Annabi Isa ba ne? Ai Malama ta ce ba a kashe shi ba." Na ce mata haka ne, Allah ne ya ɗauke shi zuwa sama. Sannan na juya wurin Kawu don in sassauta maganar, na ce ai mu ma Annabi Isa namu ne, duk wanda bai yi imani da shi ba ba Musulmi ba ne, har ma mun fi ku girmama shi tunda mu ba mu yarda Allah zai bar maƙiya su wulaƙanta shi ba. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "'Yata, abin da kika ɗauke masa don ki girmama shi, a kansa na dogara." Daga nan ya sa aka kawo mana kunu, bai sake ta da zancen ba.

Tun daga ranar maganar take damuna. Shin mutum ɗaya muke magana a kai, ko suna ne kawai ya haɗa mu? Yaya aka yi mutuwar da ni nake gani ƙasƙanci ce ta zama abin dogaron dattijo mai tsoron Allah irin Kawu? Kuma mutumin da kullum yake cewa Allah ɗaya ne, me yake nufi in ya ce Ɗan Allah? Ina son in san abin da zan gaya wa Maryam, ta riƙe aƙidarta da kyau amma kada ta taso tana raina kakanninta.

Almajirin Zaure ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Zumuncin da kike yi da Kawu addini bai hana ba, aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ba ki wannan damar, ki ci gaba da shi.

Mutum ɗaya ne ake magana a kai, ɗan Maryam, wanda aka aiko ga Bani Isra'ila. Abin da muka haɗu da su a kansa ya fi yadda yawancinmu suke zato. Alƙur'ani ya ambaci sunan Isa (AS) sau 25, ya ambaci sunan mahaifiyarsa sau 34, kuma ita kaɗai ce macen da aka kira da sunanta a cikinsa, ga sura ta 19 sukutum da sunanta. Mun yi imani an haife shi ba tare da uba ba. Alƙur'ani ya kira shi Almasihu, ya kira shi kalmar Allah da ya jefa ga Maryam kuma ruhi daga gare shi, a Suratun Nisa'i aya ta 171. A Ma'ida aya ta 110 an jero mu'ujizojinsa: ya yi magana yana cikin zanin goyo, ya ƙera surar tsuntsu da laka ya hura ta zama tsuntsu, ya warkar da wanda aka haifa makaho da kuturu, ya ta da matattu, duk da izinin Allah. Yana cikin manyan manzanni biyar, Ulul Azmi, tare da Nuhu da Ibrahim da Musa da Annabinmu (SAW). A Bukhari kuma Manzon Allah ya ce shi ne mafi kusancin mutane da ɗan Maryam, babu wani annabi tsakaninsu.

Ki tuna da hijira zuwa Habasha, wadda aka fara wajen shekara ta 615. Da Ƙuraishawa suka biyo Musulmi suna neman a mayar musu da su, Ja'afar ɗan Abi Ɗalib farkon Suratu Maryam ya karanta a gaban Najjashi, sarki Kirista, har sarkin ya yi kuka. Washegari aka tambaye su me suke cewa game da Isa, Ja'afar bai ɓoye komai ba, ya ce bawan Allah ne, manzonsa ne, ruhinsa ne, kalmarsa ce da ya jefa ga Maryam budurwa. Bai zagi kowa ba, kuma bai rage gaskiya don neman mafaka ba. Ni a nan nake ɗaukar darasin yadda ake wannan magana.

Inda muka rabu kuwa, na farko shi ne matsayinsa. Maganar farko da ya yi yana jariri, a Suratu Maryam aya ta 30, ita ce shi bawan Allah ne, an ba shi Littafi, an sanya shi annabi. Haihuwa ba uba a wurinmu ba ta mayar da shi Allah, domin Ali Imrana aya ta 59 ta ce misalinsa kamar na Adamu ne, wanda ba shi da uwa ba shi da uba. Ma'ida aya ta 75 ta ce shi da mahaifiyarsa suna cin abinci, mai cin abinci kuwa mabuƙaci ne. Kuma a ƙarshen surar, aya ta 116 da 117, an nuna mana ranar da Allah zai tambaye shi ko shi ya ce wa mutane su riƙe shi da mahaifiyarsa alloli, zai ce bai faɗa musu komai ba sai abin da aka umarce shi, wato su bauta wa Allah Ubangijinsa kuma Ubangijinsu. Ƙulhuwallahu da Maryam ɗinki take karantawa kullum ta rufe ƙofar: bai haifa ba, ba a haife shi ba.

Na biyu shi ne gicciye. Nisa'i aya ta 157 da 158 sun ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu ne, Allah ya ɗaukaka shi zuwa gare shi. Sai kuma bushara da ya yi da manzo mai zuwa bayansa mai suna Ahmad, a Suratus Saffi aya ta 6, wadda Kiristoci ba su yarda da ita ba. Me gicciyen yake nufi a zuciyar Kawu, wannan gara mai abin ya faɗa da bakinsa.

Baba Ɗan Wusasa ya amsa:

'Yata Maman Maryam, sannu da ƙoƙarin riƙe zumunci. Ni Kirista ne, haifaffen Wusasa ta Zariya, a aikin koyarwa na tsufa. Na gode wa Malam, ya faɗi nasu a fili kuma bai ɗora mana abin da ba mu ce ba.

In fara da Ɗan Allah, don nan ne aka fi yi mana mummunar fahimta. Babu Kiristan da ya yarda cewa Allah ya yi aure ko ya kusanci mace ya haifi ɗa. In kika faɗi haka a gaban Kawu zai ce saɓo ne, kamar yadda ke ma za ki ce. Maryamu kuma ba ta cikin Triniti, Uba ne da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya. Yesu da kansa, da aka tambaye shi doka mafi girma a Markus 12:29, da kaɗaitakar Allah ya fara. Abin da muke nufi yana farkon Bisharar Yohanna: Kalma tana tare da Allah tun fil'azal, Kalmar kuwa Allah ce, sannan Kalmar ta zama mutum ta zauna a cikinmu. Bari in kawo miki abin da zai fi kusa da tunaninki. Ku Ahlus Sunna kuna cewa Alƙur'ani maganar Allah ce, ba halitta ba ce, amma ta sauko ta zama abin da ake karantawa da harshe, ake rubutawa a allo. Mu muna cewa Maganar Allah ta sauko ta zama mutum. Don haka matsayin da Yesu yake da shi a wurinmu ya fi kama da matsayin Alƙur'ani a wurinku fiye da matsayin wani annabi. Cin abincin da Malam ya ambata ba mu musa ba. Ya ji yunwa, ya gaji, ya yi barci, ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Mun ce cikakken mutum ne kuma cikakken Allah ne. Na san a wurinki wannan ba ya yiwuwa, ba kuma don ki yarda na faɗa ba, sai don ki san abin da ke bakin Kawu.

Yanzu maganar da ta sa ya yi shiru. 'Yata, abin da kika ce masa, akwai wanda ya riga ki faɗa, kuma ba maƙiyi ba ne, Bitrus ne babban almajirinsa. A Matiyu sura 16, da Yesu ya gaya wa almajirai cewa zai je Urushalima a kashe shi ya tashi a rana ta uku, Bitrus ya ja shi gefe ya ce Allah ya sawwaƙe, wannan ba zai same ka ba. Ƙauna ce ta sa shi, irin taki. Amma Yesu ya tsawata masa da kakkausar murya, ya ce tunanin mutane yake yi ba na Allah ba. A wurinmu ba a ci ƙarfinsa ba. A Yohanna 10:18 ya ce ba mai karɓe ransa, shi ne yake ba da shi don kansa. A Markus 10:45 ya ce ya zo ne ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. Littattafan Bishara huɗu, Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, kowanne ya fi tsawaita labari a kan makon nan na ƙarshe: kamawa a Gatsemani, shari'a gaban Bilatus gwamnan Romawa, gicciye ranar Juma'a, kabari a buɗe ranar Lahadi. Yana kan gicciyen yana roƙa wa masu kashe shi gafara. Manzo Bulus ya ce a 1 Korintiyawa sura 15 in Almasihu bai tashi daga matattu ba, bangaskiyarmu banza ce, muna nan cikin zunubanmu. Ki cire mu'ujizar da kika ga dama daga Bishara, Kirista zai ji zafi amma yana nan a tsaye. In aka cire gicciye da tashin, ba abin da ya rage masa. Tsohuwar da kika ga tana kuka, tana kuka ne don ta gaskata saboda ita aka sha wannan wahalar.

Shi ya sa kalmar "mun fi ku girmama shi" take yi mana nauyi, ko da mun san da kyakkyawar zuciya aka faɗa. Haka nan na sha tsawata wa yaranmu masu cewa Musulmi ba su san Yesu ba ko suna ƙinsa. Ƙarya ce. Ban taɓa jin Musulmi ya ambaci sunansa bai bi shi da addu'ar aminci ba.

Wani abu kuma, tambayar nan ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ta riga mishan zuwa. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin da suka ambaci Isa ya kai shi ga ba shi matsayi na musamman. An kashe shi a kasuwar Kano, mabiyansa da ake kira Isawa suka watse wajen Ningi da wasu wurare. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka haɗu da Likita Mila, Bature ɗan mishan, a Zariya suka zama Kiristoci, suka zauna a ƙauyen Gimi, ciwon barci ya ci da yawansu. Akwai jinin waɗannan mutane a cikin tsofaffin gidajen Wusasa.

Abu Huzaifa ya amsa:

Baba, da girmamawa, amma tambaya ɗaya ce har yau ba a amsa ba, wadda marigayi Ahmad Deedat ya sha yi a muhawarorinsa: a ina ne a cikin Baibul Yesu ya ce da bakinsa "Ni ne Allah, ku bauta mini"? Abin da muke gani shi ne a Yohanna 14:28 ya ce Uba ya fi shi girma. A Markus 13:32 ya ce ba wanda ya san ranar ƙarshe, ko Ɗan bai sani ba, sai Uban. A Matiyu 26:39 ya kifa fuskarsa ƙasa yana addu'a, yana roƙon a ɗauke masa ƙoƙon wahalar. Wa yake roƙo? Bayan haka a Yohanna 20:17 ya ce zai hau wurin Allahnsa kuma Allahnku. Wannan ai maganar bawa ce, ita ce dai ta Suratu Maryam. Allahntakar da ake faɗa a taron shugabannin coci na Nikiya aka ƙirƙiro ta a shekara ta 325, Sarkin Romawa Kwanstantin ne ya tilasta wa mutane. Anti Maman Maryam, ki riƙe abin da Malama ta koya wa 'yarki, shi ne gaskiya.

Ɗalibar Tarihi ta amsa:

Ɗan'uwa Abu Huzaifa, ni ma Musulma ce kuma aƙidata taka ce, amma maganar Nikiya tana buƙatar gyara, don in muka kafa hujja da abin da ba haka yake ba, mu muke asara.

Ba a 325 aka fara ɗaukar Yesu a matsayin abin bauta ba. Wasiƙun Bulus an rubuta su ne a tsakanin shekarun 50 da 60 na miladiyya, kuma a Filibiyawa sura 2 an riga an ce yana cikin surar Allah, kowace gwiwa za ta durƙusa masa. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Romawa mai suna Filini ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa Kiristocin yankinsa suna taruwa kafin gari ya waye suna rera waƙa ga Almasihu kamar ga abin bauta. Abin da aka yi a Nikiya, garin da yau ake kira Iznik a Turkiyya, shi ne yanke hukunci kan rigimar Ariyus, wani limamin coci na Iskandariyya, wanda ya ce Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Ayoyin da ka kawo suna cikin irin waɗanda ɓangarensa suka riƙe. Taron ya ƙi maganarsa, ya ce zatin Ɗan da na Uban ɗaya ne. Shi ma Ariyus ɗin bai ce Yesu annabi ne kawai ba, ya ɗauke shi halittar farko da aka halicci komai ta wurinsa, don haka ba za mu ce Musulmi ne a ɓoye ba. Rigimar kuma ba ta ƙare nan ba: a taron Kalsidon a 451 aka tsayar da maganar ɗabi'u biyu, ta Allah da ta ɗan Adam, a mutum ɗaya, cocin Kibɗawan Masar da na Habasha suka ƙi amincewa da lafazin, suka ware.

Abin da yake gaskiya a ɓangarenka shi ne tun farko ba murya ɗaya ba ce. An yi Ebiyoniyawa, Yahudawa mabiya Yesu da suka ɗauke shi Almasihu ɗan Adam, suka riƙe Attaura, suka ƙi Bulus. An kuma ruwaito cewa Basilides, a ƙarni na 2 a Iskandariyya, ya koyar da cewa Saminu Bakurane, wanda ya ɗauki gicciyen, shi aka gicciye a madadinsa. Amma waɗannan tsiraru ne, kuma masana tarihi na zamani, har da waɗanda ba su da addini, kusan duka sun ɗauki gicciyewar a matsayin abin da ya faru, suna kafa hujja har da Tasitus marubucin Roma da ya ce an kashe Almasihu a zamanin Bilatus. Mu Musulmi ba daga littafin tarihi muka ɗauko namu ba, daga wahayi ne, kuma ayar da kanta ta ce an kamanta musu, wato waɗanda ke wurin abin da suka gani ke nan a idonsu.

Tambayar Deedat kuwa, Kirista zai amsa maka da Yohanna 8:58 da 10:30, da inda ya gafarta wa shanyayye zunubi a Markus sura 2, da inda almajirinsa Toma ya kira shi Ubangijina da Allahna bai hana shi ba. Kai kuma ka fassara su ta wata fuska. An fi shekara dubu ana wannan jifa da ayoyi.

Maman Maryam ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara ilimi. Baba, labarin Bitrus ya taɓa ni ƙwarai, ban taɓa jin sa ba, yanzu na gane abin da Kawu ya ji. Amma ga inda har yanzu na tsaya cak. Me ya sa sai an mutu kafin Allah ya yafe? Ni tun ina ƙarama abin da na sani shi ne in ka yi laifi ka tuba, ka mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, Allah Gafurun Rahimu ne. Allah gafarta Malam, ina ganin kamar ba a kan Annabi Isa kaɗai muka saɓa ba, har da kan mene ne ciwon ɗan Adam da maganinsa. Ko ba haka ba ne? Sannan wa aka gicciye a madadinsa? Maryam ta tambaye ni wannan ma.

Almajirin Zaure ya sake amsawa:

Haka ne, Malama, kin taɓo jijiyar. A wurinmu Annabi Adamu ya yi kuskure, ya karɓi kalmomi daga Ubangijinsa, aka karɓi tubarsa, Baƙara aya ta 37. Maganar ta ƙare a nan, ba a gadar wa 'ya'yansa ba. Kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa. Babu rai da ke ɗaukar nauyin wani rai, wannan yana An'am aya ta 164 da wasu wurare. Zumar aya ta 53 ta ce kada a yanke ƙauna daga rahamar Allah, yana gafarta zunubai gaba ɗaya. Ko layyar da muke yi, Suratul Hajji aya ta 37 ta ce namanta da jininta ba sa isa ga Allah, taƙawa ce take isa. To in ciwon ɗan Adam mantuwa ce da ɓata, maganinsa mai tunatarwa ne da shiriya, wato annabi. In kuwa ciwon wani ɗauri ne da ba ya iya kwance kansa, kamar yadda suke gani, dole su nemi mai fansa. Kowane ɓangare Isan da ya dace da ciwon da ya gano yake gani.

Amma ina so ki ajiye hujjar nan ta cewa Allah ba zai bar a kashe annabinsa ba, domin Alƙur'ani da kansa ya ce Bani Isra'ila sun kashe annabawa ba da haƙƙi ba, dubi Baƙara aya ta 61. Kisa a tafarkin Allah shahada ce, ba ƙasƙanci ba. Mun ce ba a kashe Isa ba saboda Allah ya ba mu labarin haka, shi ke nan. Don haka ba gasar girmamawa ake ba.

Wanda aka kamanta musu, Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba. Masu tafsiri sun kawo ruwayoyi: wasu sun ce wani saurayi ne cikin Hawariyawa ya miƙa kansa, wasu sun ce wanda ya ci amanarsa ne. Ki ce wa Maryam Allah bai gaya mana ba. Ki kuma gaya mata zai dawo: a Sahihu Muslim zai sauka wajen farar hasumiya a gabashin Dimashƙu, ya kashe Dujal a ƙofar Ludd, ya yi hukunci da adalci, sannan, kamar yadda ya zo a ruwayar Abu Dawuda, ya rasu kamar kowane ɗan Adam, Musulmi su yi masa sallah. Game da kakanninta, ki ce mata suna son Annabi Isa, mun saɓa da su a kan ko shi wane ne, kuma Ankabut aya ta 46 ta hana mu jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau.

Baba Ɗan Wusasa ya sake amsawa:

Malam ya faɗi daidai inda muka rabu, ba ni da abin cirewa. Abin da zan ƙara, 'yata, mu ma muna tuba, muna mayar da haƙƙi, kuma Littafin Ezekiyel sura 18 ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Sai dai muna ganin zunubi ya shiga cikin ɗabi'ar mutum, ba aikin hannu kaɗai ba ne, shi ya sa mai tuba yau yake komawa gobe. Romawa 3:23 ta ce duka sun yi zunubi, 6:23 ta ce hakkin zunubi mutuwa ne. Allah mai adalci ne, ba ya kau da kai ga mugunta kamar ba a yi ba, kuma mai jinƙai ne. A gicciye muke ganin biyun sun haɗu. Ba wani bare marar laifi aka kamo aka ɗora wa ba, wannan da zalunci ne. Mai gafarar ne da kansa ya ɗauki asarar, kamar mai bin bashi da ya yafe, ai kuɗin ba su ɓace a iska ba, daga aljihunsa suka fita.

Dawowarsa mu ma muna jira, amma ba don ya rasu ba, tunda a wurinmu ya riga ya mutu ya tashi, mutuwa ba ta da sauran iko a kansa. Zai zo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, haka muke furtawa a Shaidar Bangaskiya ta Manzanni. A wurin Malam kuwa shi ma yana cikin waɗanda za a tambaya a ranar, kamar yadda ya kawo daga ƙarshen Ma'ida.

In kina son ki ji abin da matan zumuntar nan suke rerawa daga tushensa, Markus sura 14 zuwa 16 ne, ba su da tsawo, kuma Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932. Ki karanta su a gefen ayoyin da Malam ya ba ki, duk inda ya shige miki duhu ki dawo ki tambaya, shi ya amsa nasu ni in amsa namu.